Koton gashi don kawarar Galma: littafin aikina daga kaka zuwa bakin azumi

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Damina ta ja da baya, amma kogin Galma na nan Zariya bai sauka ba tukuna, ruwansa ja wur saboda laka. Tun da ba lokacin shiga kogi ba ne, bari in fara da rubuta abin da na sa a gaba.

Ina so in ɗaura koton gashi, irin mai nutsewa, wanda zai kwaikwayi ƙwaron kadis, in kuma kama kifin koginmu da shi. Ba tana, ba gara, ba curin dusa. Ƙugiya ce zalla, a naɗa mata zare da ɗan gashin dabba da na tsuntsu, har kifi ya gan ta ya ɗauka ƙwaro ne mai rai. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: ƙugiyar da duk kayan da zan yi wannan aiki da su, a Zariya zan same su.

Sana'ar ta daɗe a duniya. Wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana, wajen shekara ta 200 miladiyya, yadda mutanen Makedoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara biyu, su kama kifin rafi. A Ingila an buga wani ɗan littafi a 1496 mai bayanin irin wannan koto har kala 12. Sai dai kusan duk abin da na karanta a kan kifin tirawut aka gina shi, kifin ruwan sanyi da ba mu da shi a nan. Mu kawara gare mu, da karfasa, da tarwaɗa, da ƙurungu.

Shi kadis ƙaramin ƙwaro ne da yawancinmu mun sha gani a jikin fitila ba mu kula ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, yana da ƙahonni biyu sirara dogaye, in ya sauka sai ya kife fukafukansa a bayansa kamar jinkar ɗaki. Masana sun ƙidaya fiye da iri 14,000. Kusan duk rayuwarsa a cikin ruwa take: ƙwai, sai tsutsa, sai fiyufa, wato lokacin da tsutsar ke rufe kanta ta sauya kama. In ta kammala sai ta yanke makwancinta ta yi iyo zuwa saman ruwa, fata ta tsage, mai fiffike ya fito. A wannan 'yar tafiya daga ƙasa zuwa sama kifi ke samun sa a ɓagas, ba dutsen ɓuya, ba fiffiken tashi. Wannan matakin nake so kotona ya kwaikwaya.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Kwanakin nan a tara kaya suka tafi.

Ƙugiya ce ta fi wuyar samu. Masu kayan su a kasuwar Sabon Gari manya suka fi ajiyewa, na tarwaɗa da na mamari, masu kaurin ƙarfe. Ƙananan kuma da yawansu ba su da ido, kansu a baje yake, irin waɗanda ake ɗaure wa zare a wuya. Ni mai ido nake nema, don in an gama naɗi ba inda igiya za ta kama sai nan. A lissafin masu wannan aiki, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa, wato 10 ta fi 14 girma. Lambar da ke jikin kwalin kasuwa ba kullum take bin wannan lissafi ba, saboda haka da rula nake zuwa. Wadda gangar jikinta ta kai milimita 8 zuwa 12 ita nake ɗauka. Abin riƙe ta kuwa, filaya mai kulle ce wani mai walda ya kafa mini a kan guntun ƙarfe, na ɗaure a bakin tebur.

Zare ya kai ni cikin birni, wurin wani dattijo mai ɗinkin manyan riguna, abokin mahaifina. Na nuna masa hoton abin da nake so in yi a waya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, zaren keke ba zai yi maka ba, zai tara maka kai." Ya jawo guntun zaren siliki, ya warware shi da farce ya raba shi sili-sili, ya ja sili ɗaya a kan dunƙulen kakin zuma sau biyu, ya miƙo mini ya ce in ja. Na ja, ya yi ƙarfi, kuma bai sake tarwatsewa ba. Na ce, "Baba, ai ka gama mini rabin aikin." Ya haɗa mini ragowar zaruruwa a takarda: kore, ruwan goro, ruwan zuma, har da ɗan tsamiya na asali mai launin ƙasa, wanda ya ce yanzu samunsa sai an tona.

Siririyar wayar jan ƙarfe wurin mai naɗin fanka a Tudun Wada na samo ta, daga tsohon koyil da ya ƙone. Gashin zabo da na kaza masu figa suka tara mini. Gashin makwarwa da fatar kan zomo kuwa, wani mafarauci ne maƙwabcin ƙanena ya aiko. Makwarwar nan na fi ɗoki a kanta, domin masu ɗaurin arewacin Ingila da gashin wata tsuntsuwa 'yar danginta suke yin irin wannan koto.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau na shiga ruwa, ba da ƙugiya ba, da farin kwano da rariyar shayi da tabarau mai ƙara girma. Na sa dogon takalmin roba har gwiwa, kuma duk mai son ya bi sahuna ya yi haka, saboda tsargiya ba abin wasa ba ce a ruwayenmu, ta fata take shiga.

Na zaɓi wurin da Galma ke gudu a kan duwatsu, ta wajen Dakace. Dutse na farko da na ɗago daga tsakiyar gudun ruwa ya sauya mini dukkan tsarin aikin. A hotunan Turai, tsutsar kadis da aka fi nunawa ita ce mai jan gidanta, wadda ke liƙa yashi ko tsinke ta yi bututu tana yawo da shi. Na ga irinta ɗaya-ɗaya a gefe, inda ruwa ya kwanta. Amma waɗanda suka cika jikin duwatsun nan masu kafa raga ne. Kowace ta liƙa 'yan tsakuwoyi a lungun dutse ta yi maɓoya, a bakin maɓoyar kuma ta saƙa 'yar raga ta siliki tana fuskantar ruwa, duk abin da ruwa ya kawo ya maƙale ita ta fito ta cinye. Da an fitar da dutsen daga ruwa ragar sai ta kwanta ta zama majina-majina, shi ya sa mutum zai iya shekara yana wanki a wurin bai san da ita ba. Sai na mayar da dutsen cikin kwano da ruwa, ragar ta sake buɗewa, na ga saƙarta layi-layi a tsare. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Tsutsar da kanta: tsawonta wajen milimita 10 zuwa 15, jiki kore mai duhu, wasu kuma ruwan ƙasa. Kanta baƙi-baƙi ne, da faranti uku masu duhu a bayan kan, ƙafafu shida a gaba, ga wasu 'yan tuntaye farare jere a ƙarƙashin ciki waɗanda da su take numfashi. In an taɓa ta sai ta lanƙwashe.

Abin da na fi nema sai a ƙarƙashin wani faffaɗan dutse na same shi: ɗan tudun tsakuwa a rufe ruf, a manne gam. Na ɓanɓare shi da tsinin allura a hankali. Fiyufa ce a ciki. Ciki kore shar, ya fi na tsutsar haske, ƙirji mai duhu, fukafukan da ba su gama ba suna kwance a gefe biyu baƙi-ƙirin, ƙafafu dogaye a naɗe, ƙahonni sun bi jiki har baya. Na ajiye zaruruwan Baba a gefen kwanon ina gwadawa. Koren siliki, in ya jiƙe, shi ya fi kusa. Wannan ma wani abu ne: zare a bushe daban, a jiƙe daban, kuma kifi a jiƙe yake ganinsa.

Ina cikin haka wani tsohon masunci ya tsayar da kwalekwalensa yana kallona. Bayan mun gaisa ya leƙa kwanon ya ce, "Malam, wannan ai abincin kawara ne." Na ce, "Baba, yaushe take ci?" Ya ce da la'asar sakaliya zuwa magariba, a gindin gudun ruwa, inda kumfa ke taruwa. Na mayar da duwatsun yadda na same su, fuskar da ke ƙasa ta koma ƙasa.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da dare

Ga yadda nake ɗaurawa, daki-daki, don wanda zai so ya gwada.

Da fari ina matse ƙayar da ke bayan tsinin ƙugiya da filaya, saboda ƙaramin kifin da ba zan ci ba in iya sakinsa ba tare da na yaga masa baki ba. Sai in kafa ƙugiyar, in fara naɗa zaren da na shafa wa kaki daga bayan ido kaɗan, ina bari ɗan fili don kai. In na kai tsakiya sai in kama bakin wayar jan ƙarfe da zaren, in ci gaba har inda ƙugiya ta fara lanƙwasa. Daga nan in dawo gaba da koren siliki, naɗi kusa da naɗi, siriri a baya, yana ɗan kauri yana zuwa gaba, har kashi biyu cikin uku na gangar. Sannan in bi da wayar a karkace, zagaye huɗu ko biyar, ta ɓangaren da ya saɓa wa naɗin silikin don kada ta nutse a cikinsa. Wayar tana fitar da gaɓoɓin ciki, tana kuma ƙara ɗan nauyi.

Ƙirji da gashin zomo nake yi. Ina tsinko ɗan kaɗan daga gindin kunne, inda ya fi duhu, in murza shi a jikin zaren da yatsa biyu ta fuska ɗaya kawai, har ya kama. In an murza gaba da baya warwarewa yake yi. Zagaye uku ya isa.

Geza, wato gashin da ke zagaye wuyan koto yana kwaikwayon ƙafafun ƙwaro, ita ce ran abin. Ina zaɓar ƙaramin gashin makwarwa na wuya ko na kafaɗa, in fige lallausan gindin, in riƙe tsininsa in shafa sauran baya, in ɗaure ta tsinin nan. Sai in zagaya da shi sau ɗaya, ko ɗaya da rabi, ina shafa silin baya da yatsu. In ɗaure, in yanke, in yi ɗan kai, in ƙulle da ɗaurin da ke binne bakin zare a ƙarƙashin naɗi, in ɗiga jan farce marar launi da bakin allura. In ya shiga idon ƙugiya, sai in zura ragowar gashi in share kafin ya bushe.

Hannu yana son ya ƙara geza, don a ido mai yawa ta fi kyau. Wani ɗan Sikotlan mai suna W. C. Stewart ya yi gargaɗi a kan haka tun 1857, cewa masu ɗauri suna cika wa koto gashi. Ƙwaro ƙafa shida gare shi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Daren duhu ne, ba wata. Ni da ɗan yayana muka shimfiɗa farin zane a kan igiya a bakin ruwa bayan magariba, muka haska shi da fitila mai caji. Sauro da asu suka fara zuwa, sannan kadis. Ƙanana sun fi yawa, tsawonsu da fiffike bai wuce milimita 8 zuwa 10 ba, launin ƙasa mai ɗigo-ɗigo. Wasu 'yan kaɗan sun fi girma, fukafukansu garai-garai, ƙahonninsu sun ninka jikinsu. Yaron ne ya lura cewa cikin ƙananan ma kore ne. Ya ce, "Baffa, dubi cikinsa, irin zarenka." Ƙananan ƙugiyoyina su suka fi kusa da girmansu, manyan zan ajiye su gefe.

Talata, 10 ga Disamba

Matsalar jifa. Koton gashi ba shi da nauyin da zai ja igiya, igiyar ce ke ɗaukarsa ta kai shi. Sanda da igiya na musamman da ake yi don wannan ba a sayar da su a kasuwanninmu, kuma sharaɗina ya hana ni aikawa a kawo. Amma kafin a ƙirƙiro su da me mutane suke yi? Doguwar sanda, da igiyar gashin wutsiyar doki a ɗaure a tsininta. Haka aka yi a Ingila ɗaruruwan shekaru, haka masuntan duwatsun Japan suka yi a salon da suke kira tenkara, ba tare da abin naɗe igiya ba. Garin da ake hawan Sallah kuwa ba a rasa izga.

Wani mai kula da dawaki a unguwarmu ya tara mini wadda ke fita in yana taje wutsiya. Na wanke ta da sabulu, na ware masu tsawo marasa lanƙwasa. Ana murɗa ta gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa tsawon gashin, sannan a ƙulla su. Ta sama na sa sili 12, ina ragewa kaɗan-kaɗan har ta ƙasa ta koma sili 4. Wannan sirancewar ita ke sa igiya ta miƙe a iska ta ajiye koto a hankali. A ƙarshe na ƙara wajen mita ɗaya na siririn zaren roba na fatsa. Sanda kuwa gora ce mai kusan mita 4, na gasa gaɓoɓinta a kan garwashi na miƙar da ita. Izga a bushe tana karyewa, sai an jiƙa ta kafin a fara.

Asabar, 28 ga Disamba

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, ruwa ya yi sanyi ƙarara. Kifi bai motsa ba, ko a saman ruwa ban ga alamarsa ba. Masu birgi ma ƙorafi suke yi.

Na yi amfani da lokacin na gwada geza a cikin ruwa mai gudu, ina riƙe da zaren ina kallo daga sama. Ta zabo tana da kyan zane, amma silinta tauri gare shi, tsaye yake ƙyam. Ta kaza ta yi laushi da yawa, ruwa na bugunta sai ta manne a jiki, koto ya zama tsinke. Ta makwarwa ce ke buɗewa tana rufewa da kowane motsin ruwa. Na gane kuma amfanin ƙirjin zomo bai tsaya ga launi ba: shi ke tokare gezar daga baya ya hana ta kwanciya.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Alhamdu lillahi. Kawara ta ci.

Sanyi ya ɗan sassauta a makon nan, ruwa ya ragu ya yi garau har ana ganin yashin ƙasa. Na tsaya a saman gudun ruwa bayan la'asar, a wurin da tsohon nan ya nuna mini. Ina jefawa a karkace, tsallake da ɗan gangare, in bar ruwa ya ja koton ya nutse, ya zagayo da shi har igiya ta miƙe a ƙasa da ni. A nan sai in ɗaga sanda a hankali, koton ya taso daga ƙasa zuwa sama yadda fiyufa ke yi. Wannan ɗagawar da sunan James Leisenring aka san ta, wani masunci na Fensilbeniya a Amurka da littafinsa ya fito a 1941. A kan ɗagawar ta ci. Ba fizga na fara ji ba, nauyi ne, sai gorar ta lanƙwasa, sai walƙiyar azurfa a ƙarƙashin kumfa. Tsawonta bai fi tafin hannu da yatsu ba, wutsiya ja, ga baƙin tabo a gindin wutsiyar. Na daɗe ina dubanta, da koren zaren Baba a gefen bakinta.

Daga nan har kiran magariba suka yi ta ci, kusan duk a kan ɗagawa ko daf da ƙarshen zagayowa. Ƙananan na sake su. Biyu manya na kai wa tsohon masuncin, wanda ke gyaran taru a gaɓa, na roƙe shi ya farke cikinsu a gabana. Ya sa wuƙa, ya matse tumbin a kan ganye. Akwai 'ya'yan ciyawa, da tururuwa, da guntayen ƙwari, a ciki har da fiyufar kadis da ba ta gama narkewa ba, da baƙaƙen fukafukanta. Ya karɓi koton ya jujjuya shi a tafin hannu, ya shinshina, ya ce, "Ba wari, ba mai. Ikon Allah." Sannan ya ce in jira farkon damina, ranar da gina ta tashi, in ga yadda kawara ke haukacewa a saman ruwa.

Wani abin da littattafan tirawut ba su shirya ni a kansa ba shi ne haƙori. Kawara haƙora gare ta masu ƙarfi, bayan kifi kaɗan silikin ya fara tsitstsinkewa. Waɗanda na yi wa naɗin waya kusa-kusa su suka jure. Daga yau zagaye shida zan riƙa yi, kuma zan shafa jan farce kaɗan a gangar ƙugiya kafin in naɗa silikin a kai.

Alhamis, 23 ga Janairu

Karfasa ba ta damu da shi sosai ba. Ba mamaki, manyanta gansakuka da ganye suka fi ci. 'Yan ƙanana ne ke biyo shi su ɗan taɓa. Tarwaɗa kuwa da ƙamshi take farauta a ƙasa, ban sa rai da ita ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Batun sheƙi. Gary LaFontaine, Ba'amurke da ya fitar da babban littafi a kan kadis a 1981, ya riƙa nutso da kayan numfashi yana kallon yadda kifi ke cin su. Ya ce fiyufa mai tasowa tana tara iska a ƙarƙashin fatarta, tana ƙyalli, kuma wannan ƙyallin kifi ke bi. Sai ya lulluɓe kotonsa da zaren Antron, wani zaren roba da ake saƙa kafet da shi, mai riƙe ƙananan kumfa. Ba duk masana suka yarda da maganar iskar ba, amma koton nasa ya karɓu a duniya.

Na samo yankakken kafet mai ruwan zuma a Sabon Gari, na tsefe zarensa da tsohon buroshin haƙori, na lulluɓe cikin wasu da shi sama da ƙasa, sako-sako, yadda koren zai riƙa lekowa. Na ɗaura biyu a igiya ɗaya, mai lulluɓi da marar lulluɓi, ina sauya musu wuri.

Abin da na gani: da rana tsaka, cikin ruwa garau, marar lulluɓin ya fi, har na ga kawara ta biyo mai sheƙin ta juya. Da rana ta yi ƙasa kuwa, mai sheƙin ya fara rinjaye. Kogi ɗaya ne da kifi iri ɗaya, ba zan kafa doka a kai ba. Amma a ganina motsin geza ya fi sheƙi muhimmanci nesa ba kusa ba. Na cire gezar daga wani mai lulluɓi na gwada shi haka, ko kallonsa ba su yi ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kai kwanona rafin Kubanni, na ɗaga duwatsu a wurare biyu. Ta wajen Samaru, inda ruwa ke ɗan gudu, na sami masu raga, ko da yake ba su kai na Galma yawa ba. A ƙasa kuwa, bayan rafin ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ya kwashi ruwan kwata da leda, duwatsun santsi ne kawai da baƙar laka, sai jajayen tsutsotsi sirara masu jure ruwan da iska ta ƙare a cikinsa. Kadis ko ɗaya ban gani ba. Masu binciken ruwa a duniya suna amfani da kadis da wasu ƙwari irinsa wajen auna lafiyar kogi, domin da dama daga cikinsu ba sa zama inda ruwa ya lalace. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Wannan ruwan, cikin Galma yake faɗawa, kuma da shi ake ban-ruwan kayan lambun da muke saye. Dattawan unguwa suna ba da labarin kifin da suka kama a Kubanni suna yara, a daidai inda na tsaya yau ina toshe hanci.

A hanyar dawowa na biya wurin Baba mai ɗinki na kai masa koto uku a cikin kwalin ashana. Yaransa suka ajiye allura suka kewaye shi. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, ya karɓi ƙugiya da zare, ya riƙe ta da yatsu kawai ba filaya, ya naɗa jiki sumul a zama ɗaya. Kenya tana cikin ƙasashen da suka fi ɗaura irin wannan koto suna sayar wa Turai da Amurka, mutane da yawa a can da shi suke ci. A kogin Faro na arewacin Kamaru kuma baƙi na zuwa daga nesa su kama tsage da giwan ruwa da koton gashi. Hannun da ke fitar da aska takwas a wuyan riga, wannan aikin ba zai gagare shi ba. Na yi wa yaron alkawarin ƙugiyoyi da gashin makwarwa, Baba ya ce ya amince muddin ba a lokacin aiki ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ana sa ran ganin watan azumi gobe ko jibi, don haka zan ɗan jingine zuwa kogi. Inda aiki ya tsaya: ƙugiya mai ganga milimita 8 zuwa 9, jiki koren siliki a kan jan farce, waya zagaye shida, ƙirjin zomo mai duhu, gezar makwarwa zagaye ɗaya. Na ruwan ƙasa da na yi da tsamiya yana ci shi ma, amma bai kai koren ba. Igiyar izga ta tsinke a gaɓa ta biyu daga ƙasa, na sake ta da sili 5.

Saura mai fiffike. A dangin masu kafa raga, macen kan nutsa cikin ruwa da kanta ta liƙa ƙwai a jikin dutse, iska na manne da gashin jikinta, kuma kifi na tare ta a hanya. James Ogden na Ingila ya ɗaura wani koto mai suna Invicta a ƙarni na 19 wanda har yau ake jefawa in kadis na tashi. Nawa zan yi masa fiffike da gashin bayan kaza mai ɗigo-ɗigo, in kwantar da shi a kan jiki, in bar silin makwarwa biyu su zarce baya a matsayin ƙahonni. Fiffiken yana juyawa gefe in na ja zare, sai na riƙe shi da yatsa biyu na saukar da zaren a tsakaninsu kafin in ja, kuma hannuna bai gama sabawa da wannan ba. Bayan asham zan riƙa zama a kansa. Makwarwar da ke hannuna ta kusa ƙarewa, ƙananan gashin wuya ne suka fara tafiya, na aika wa mafaraucin ya ajiye mini fata guda in ya samu. Ina kuma neman wanda zai kawo mini ƙugiya mai ido da ta fi waɗannan ƙanƙanta daga Kano ko Kaduna, in gwada girman ƙananan da muka gani a jikin farin zane, ko da hakan zai sa in sassauta sharaɗina a kan ƙugiya kaɗai.